Jimmy Carter, Sojan Ruwa da Malamin Makarantar Lahadi

Duk wanda ya zauna da dattawan Hausawa masu neman abinci a kasuwannin Adjame da Treichville, cikin birnin Abijan, ba zai rasa ganin mai tabo a idon sahu ko a ƙwauri ba. Idan ya tambaya, sai a ce masa tabon kurkunu ne, da shi aka zo daga gida, daga ƙauyukan Damagaram ko Maraɗi ko Katsina ko Sakkwato. Yaran da aka haifa a Abijan ba su san wannan ciwo ba, haka kuma yaran da suke tasowa yanzu a can gida. Mutane da yawa suka yi wahala kafin a kai ga haka, amma wanda ya ja gaba wani dattijo ne na Ikkilisiyar Baftis, tsohon sojan ruwa, wanda ya rasu ran 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100. Sunansa Jimmy Carter. Duniya ta san shi da mulkin Amurka, mutanen garinsu kuwa dikin suka sani, wanda yake tsayawa gabansu ran Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hannu. Ba a taɓa naɗa shi Fasto ba, amma ya daɗe yana koyar da Maganar Allah fiye da Fastoci masu yawa.

An haife shi ran 1 ga Oktoba, 1924, a wani ƙaramin gari mai suna Plains, cikin jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Ubansa manomi ne, yana noman gyaɗa da auduga, uwarsa kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Gidan da ya tashi ba wutar lantarki, ba ruwan famfo, sai bayan da ya yi wayo aka kawo su. Yawancin abokan wasansa 'ya'yan baƙaƙen fata ne masu aikin gona, amma a zamanin nan dokar ƙasarsu ta raba su, makaranta daban, majami'a ma daban.

A 1943 ya shiga makarantar horon hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis. Tun yana ɗalibi a can ya fara koyar da yara a Makarantar Lahadi. Ya gama a 1946, cikin shekarar kuma ya auri Rosalynn, 'yar garinsu. Aka sa shi aiki a jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin ruwa. A 1952 ya nemi shiga sashen jiragen da za su yi aiki da ƙarfin nukiliya, sai ya bayyana gaban shugaban sashen, Hyman Rickover, mutum mai tsananin gaske. Rickover ya tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa sa'ad da yake makaranta. Saurayin ya buɗe baki zai ce i, sai ya tuna, ya amsa cewa ba kullum ba. Rickover ya tambaye shi dalili, ya juya masa baya, bai ƙara ce masa kome ba. An ɗauke shi aikin, amma tambayar nan ta bi shi har tsufansa.

A 1953 ubansa ya rasu. Da ya zo jana'iza ya ga yadda talakawan garin, fari da baƙi, suke zuwa suna faɗin alherin da marigayin ya yi musu a ɓoye, sai ya auna wannan da girman da yake nema a soja. Ya ajiye kaki yana da muƙamin laftanar, ya koma noman gyaɗa, ko da yake matarsa ba ta so ba. Shekarun farko sun sha wuya. Aka matsa masa ya shiga ƙungiyar fararen fata masu goyon bayan wariya, ya ƙi, har wasu suka daina ciniki da shi. Sa'ad da majami'arsu ta jefa ƙuri'a a kan hana baƙaƙen fata shiga sujada, shi da iyalinsa suna cikin 'yan kaɗan da suka ce a buɗe ƙofa. Aka rinjaye su.

Daga nan ya shiga siyasa. Ya zama gwamnan Jojiya a 1971, ya zama shugaban Amurka a 1977. A ƙarshen watan Maris na 1978 ya sauka Legas, Janar Olusegun Obasanjo ya karɓe shi, da yake kuwa dukansu biyu 'yan Baftis ne, suka tafi sujada tare ran Lahadi. Cikin shekarar nan ya sulhunta Masar da Isra'ila. Amma tsadar kaya ta dami mutanensa, ga kuma Amurkawan da aka tsare a Iran har kwana 444. A zaɓen 1980 Ronald Reagan ya kayar da shi ƙwarai. Ya koma Plains yana da shekara 56, ya tarar da sana'arsa ta gyaɗa cikin bashi. Mutane suka ɗauka labarinsa ya ƙare ke nan.

Ashe babban aikinsa yana gaba. A 1982 shi da matarsa suka kafa Cibiyar Carter a birnin Atlanta, a 1986 kuma cibiyar ta ɗaura yaƙi da kurkunu, tare da wani likita mai suna Donald Hopkins. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 suke kamuwa kowace shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Manyan duniya ba su kula da ciwon ba, gama ba ya zuwa inda akwai famfo. Na mutanen ƙauye ne masu shan ruwan tafki da kududdufi. Ƙwayayen tsutsar suna cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ido bai cika gani ba. Mutum ya sha, bai san kome ba sai bayan kamar shekara guda, sa'an nan ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta fara fitowa. Zafin yakan sa ya tsoma ƙafar cikin tafki, nan take tsutsar ta zuba 'ya'yanta, ciwon shekara mai zuwa ya samu. Ba allura, ba ƙwayar magani, sai a naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan har makonni. A ƙasar Hausa yakan kwantar da mutum da damina, daidai lokacin noma, shi ya sa gidan da kurkunu ya shiga rumbunsa ba ya cika.

A 1988 Carter ya je wasu ƙauyuka biyu kusa da Akara, a Gana, ya ga ciwon da idonsa, har da wata matashiya wadda tsutsar take fita daga ƙirjinta. Tun daga ranar bai saki maganar ba. Da aka yi ƙidaya a Nijeriya tsakanin 1988 da 1989 aka sami fiye da mutum 650,000. A Nijar aka sami wajen 33,000 a 1991, a Kodebuwa kuwa fiye da 12,000. Makamin yaƙin ba mai tsada ba ne: ƙyallen tace ruwa, da rijiya, da maganin kashe ƙwarin tafki, da mutum ɗaya a kowane ƙauye wanda zai wanke gyambo, ya rubuta sunan mai ciwo, ya roƙe shi kada ya shiga ruwa. Carter ya yi amfani da sunansa ya buɗe ƙofar shugabanni, ya roƙo kuɗi da kaya. Ya jawo Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi ta zaga ƙauyukan Nijeriya yana tuna wa gwamnoni alkawarin rijiya. A 1995 ya sa aka tsai da yaƙin Sudan na 'yan watanni domin ma'aikata su kai ga marasa lafiya. Musulmi da Kirista, limamai da masu bishara, hakimai da matan gida, duk suka sa hannu, gama tafki ɗaya suke sha.

A Nijeriya da Nijar an ga mutum na ƙarshe da ya kamu da kurkunu a cikin ƙasar a 2008. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar da Kodebuwa sun rabu da ciwon, su uku a lokaci guda.

Duk cikin wannan bai bar ajinsa ba. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 2002, amma ran Lahadi yana Majami'ar Baftis ta Maranatha a Plains yana koyarwa, har ya wuce shekara 90. Idan layinsa ya zo yakan yanke ciyawar filin majami'a. Farantan katako da ake karɓar baiko da su, shi ya sassaƙa su da hannunsa. A 2015, da likitoci suka sami ciwon daji a jikinsa, ya ce burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai sami wannan ba, amma ya kusa: a 2024, shekarar da ya rasu, mutum 15 kaɗai aka samu a duniya duka, a Cadi da Sudan ta Kudu. Tsutsar ta kuma sami mafaka a jikin karnuka, saboda haka aikin bai ƙare ba tukuna.

Mai karatu, akwai masu bi da yawa a Adjame da Treichville waɗanda suke ganin hidima ta Fasto ce kaɗai, su kuwa 'yan kasuwa ne ko masu gadi ko masu tura kaya. Wasu kuma sun faɗi a sana'a, suna jin kunyar komawa gida. Mutumin nan bai sa rigar Fasto ba, kuma an kayar da shi a gaban duniya duka, amma ya tuna da Ubangijin da ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, sai shi ma ya durƙusa wajen ƙafafun manoma. Dubban masu aikin sa kai da suka tsare bakin tafki ba a rubuta sunayensu a littafin tarihi ba. Dattijon da yake da tabo a ƙafa, bari ya nuna wa jikokinsa, ya faɗa musu abin da ya sha, da yadda aka yi har su ba su sha ba.