Tarihin jirgin sama mai farfela: Fokker F27

 Darasinmu na yau tarihin wani jirgin sama ne. Ku karanta sannu a hankali.

Kun san a zamanin da ayarin raƙuma daga Kano zuwa Agadas ta Damargu yake bi. Tafiyar makonni ce, ga ƙishirwa, ga ƴan fashi. Daga baya mota ta zo, sannan jirgin sama.

Jiragen fasinja na farko injinsu irin na mota ne. Fetur suke sha, suna girgiza mutum, ga ƙara. Sai Turawan Ingila suka ƙero sabon inji. Ga yadda yake aiki: yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙone ta da kananzir. Kun ga yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta? To, kusan haka ne. Iskar mai zafi ta fita da ƙarfi, ta juya wani gargare, shi kuma ya juya farfela. Jirgin da ya fara ɗaukar fasinja da wannan inji sunansa Viscount. A 1950 ya tashi da su daga Landan zuwa Faris.

A 1955 kamfanin Fokker na ƙasar Holan ya tashi nasa jirgin, F27. Injinsa biyu, yana ɗaukar mutum 40 zuwa 50. Fikafikansa a bisa gadon bayansa suke, don haka injinan sun yi nesa da rairayi da tsakuwa. Ba ya bukatar dogon fili wajen sauka. Shi ya sa ya dace da ƙasashe irin namu.

A 1963 kamfanin jiragen saman Nijeriya ya fara aiki da shi tsakanin Legas, Kaduna da Kano. An bar ƙera shi a 1987, bayan an yi sama da 700. Ƙanensa, Fokker 50, shi ne ya fara jigila a 2014 daga Yamai zuwa Damagaram da Agadas.

Wanda zai shiga jirgi sai ya riƙe tikiti. Sunansa, ranar tafiya da lambar kujera duk a rubuce suke. Mai karatu ba ya jiran wani ya duba mishi.

Tambaya: me ya sa aka ɗora fikafikan F27 a bisa? Ku rubuta amsa, ku kai wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.