Yadda Aka Fara Wasa Ƙwaƙwalwar Tsofaffi Kafin Tiyata

Likitocin tiyata sun daɗe suna jin wani koke daga bakin 'yan jinya: aiki ya yi kyau, ɗinki ya kama, amma tsoho bai koma hayyacinsa ba. Cikin dare ya fizge robar ƙarin ruwa, ya kasa gane 'yarsa, ya kwana yana sambatu. Da yawa sukan ce gigin tsufa ne, su kau da kai.

A 1955 wani likita a Oxford ta Ingila mai suna Bedford ya rubuta a mujallar Lancet cewa wasu tsofaffi hankalinsu na raguwa bayan an sa su barci an yi musu aiki. Maganar ba ta samu ƙwaƙƙwarar hujja ba sai 1998, da wani binciken ƙasashe da dama ya gwada mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama. Mako guda bayan aiki, kusan kashi 26 cikin 100 tunaninsu ya ja baya, kuma wata uku bayan nan kusan kashi 10 ba su farfaɗo ba.

Su kuma masana ƙwaƙwalwa irin su Yaakov Stern na Jami'ar Columbia suna ta nuna cewa kan da ya saba da karatu da aiki yana da ajiyar da yake cirowa idan cuta ta taso. To, me zai hana a ƙara wa ajiyar nan kafin ranar shiga ɗakin tiyata? Dama an riga an saba sa majiyyaci tattaki da cin abinci mai gina jiki kafin aiki.

Dakta Michelle Humeidan ta Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta gwada. An raba wa wasu daga cikin tsofaffi masu jiran tiyata ƙananan kwamfutocin hannu masu wasannin Lumosity na tuna abu da saurin lura, aka ce su yi awa 10 kafin aiki. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna ruɗewa bayan aiki ta kama kashi 14 na waɗanda aka ba wasan, ta kama kashi 23 na sauran.

Sai dai mutanen ba su fi 251 ba, akasarinsu ba su cika awannin ba (wanda fargabar wuƙa ta hana barci, ina shi ina wasa?), kuma tazarar ba ta kai ta yanke hukunci ba. Dabarar ba ta da tsada, amma har yanzu gwaji ce, ba ta zama ƙa'idar asibiti ba.