Ɗibbu da Daidaiton Jiki: Tafiyar Magungunan Gabas zuwa Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya gaban shimfiɗar mai magani a kasuwar Sara ta Gwaram, ko a Sundimina da Birnin Kudu, zai tarar da kanumfari da kirfa da hulba da habbatus-sauda jere da kimba da sabara da ɓawon maɗaci. Kusa da su kuma ga kwalaben ƙwayoyin ƙarin kuzari daga Sin da Indiya. Sau da yawa ana tara waɗannan duka ƙarƙashin suna guda, wato maganin Musulunci. Tarihi kuwa ya nuna magudanai dabam-dabam ne suka haɗu a wannan shimfiɗa, kuma rarrabe su wajibi ne a kan ɗalibin ilimi, domin jingina wa Sunna abin da ba nata ba lamari ne mai nauyi.

Asalin ra'ayin daidaito

Likitocin Musulmi na farko sun gina iliminsu a kan cewa jiki yana ɗauke da ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u da sauda'u, kowanne da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuwa rinjayen ɗaya a kan saura. Wannan ra'ayi na Yunanawa ne, musamman Jalinus, kuma ya shiga Larabci ta hannun masu fassara irin su Hunainu bn Is'haƙ (ya rasu 873) a Bagadaza. Gabas ma ta ba da nata kaso: Aliyu bn Rabban Aɗ-Ɗabari ya keɓe sashe ga likitancin Indiya a cikin Firdausul Hikma, wajen shekarar 850. Daga baya Ibn Sina (ya rasu 1037) ya tsara ilimin a cikin Al-Ƙanun, Ibnul Baiɗar (ya rasu 1248) kuma ya tattara magunguna kimanin 1,400.

Nassi kansa ya san kayan Gabas. Suratul Insan ta ambaci kafur da citta a cikin abin shan 'yan Aljanna, kuma Bukhari ya ruwaito kwaɗaitarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ƙusɗul Hindi da habbatus-sauda. Sai dai bayanin yadda suke aiki ta fuskar zafi da bushewa, kamar yadda Ibnul Ƙayyim (ya rasu 1350) ya yi a Zadul Ma'ad, ijtihadi ne da aka aro daga likitocin zamaninsa, ba wahayi ba.

Isowarsa ƙasar Hausa

Kaya da littattafai hanya ɗaya suka biyo. Kanumfari daga tsibiran Maluku da kirfa daga Sailan sun ratso Tekun Maliya da Masar, ayarin raƙuma suka ƙetaro da su Sahara zuwa kasuwar Kurmi ta Kano, daga nan fatake da 'yan koli suka rarraba su kasuwannin ƙauye, har da na kudu maso gabashin masarautar, inda Birnin Kudu da Gwaram suke a wancan zamani. Sunayen ma shaida ne: kanumfari daga ƙaranful, kirfa daga ƙirfa, hulba daga hulba. Alhazai kuwa suka dawo da littattafai, ciki har da Ar-Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma, wanda ya shahara a zaurukan malamai da sunan Suyuɗi, ko da yake masu bincike sun mayar da asalinsa ga As-Sanaubari.

Ra'ayin bai tarar da fili fayau ba. Bahaushe ya riga ya saba fassara ciwo da sanyi da zafi, yana da wanzami mai ƙaho, da maɗori, da ungozoma, da masu saiwa da sassaƙe. Saboda haka aka ɗauki ɓangaren zafi da sanyi cikin sauƙi, har ya zauna daram a cikin al'adar jego: wankan ruwan zafi, kunun kanwa da yaji mai citta da kanumfari, duk domin korar sanyi daga jikin mai haihuwa.

Gudummawar malaman Sakkwato

Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa gyaran addini da na jiki a cikin Masalihul Insan. Amma wanda ya fi zurfafawa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Ya rubuta Al-Mawaridun Nabawiyya a kan ɗibbun Annabi, sannan ya keɓe risaloli ga cututtukan ido, da basur, da amfanin ganyen sanamaki, ɗan'uwan filasko da ke tsiro a dazukanmu. Abin lura shi ne bai ɗauki ilimin magani a matsayin ƙofar da aka rufe ba. Lokacin da Bature Kilafaton ya ziyarce shi a 1824, ya nemi a turo likita daga Ingila ya zauna a ƙasarsa, kuma a dawowar baƙon a 1826 akwai littafin Ibn Sina cikin kyaututtukan da ya kawo masa. Shugaban da ya fi kowa rubutu a kan ɗibbun Annabi a ƙasar nan bai ga saɓani tsakanin hakan da neman ƙwarewa daga nesa ba.

Sabon zubi

Daga ƙarshen ƙarni na 20 hoton ya sauya. Shagunan magungunan Musulunci suka yawaita a Kano da garuruwan Jigawa, jihar da aka kafa a 1991, kuma kamfanonin Asiya irin su Tianshi suka shigo da ƙwayoyin ƙarin lafiya, suna magana da harshen daidaita jiki wanda kunnen Bahaushe ya riga ya saba da shi. Yau majinyaci daga Sundimina yana iya bi ta hannun wanzami da mai shago kafin ya isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Tarihin Asiya na kusa ya ba da darasi biyu. A 1972 ayarin masaniya Tu Youyou a Sin ya tace sinadarin atimisinin daga wani tsiro dangin tazargade, bayan nazarin tsoffin littattafan magani. Shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, kuma ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. A farkon shekarun 1990 kuwa, mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu bayan shan haɗin rage ƙiba da aka cakuɗa da wani tsiro na Sin, dangin duman dutse. Gado ɗaya ne ya haifar da waraka da musiba. Abin da ya raba su shi ne gwaji, da awo, da tantance ainihin tsiron.

Kammalawa

Shari'a ta riga ta aza mizani. Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin ɗibbu ba, lamuni yana kansa, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin lamunin likita jahili. Saboda haka rubuta aya ko hadisi a jikin kwalba ba ya wanke mai sayarwa, kamar yadda lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba ta mayar da haɗi Sunna. Aikin ɗaliban ilimi shi ne su bambanta abin da nassi ya tabbatar, da abin da likitoci suka yi ijtihadi a kansa, da abin da kasuwa ta ƙirƙiro, sannan su dubi rubuce-rubucen da ke ajiye a gidajen malaman wannan yanki da idon tahƙiƙi, irin wanda Muhammadu Bello ya dubi na magabatansa. Allah ne Mafi sani.