Gammo da Mashi a Kafaɗar Soja

Sana'ata zanen tambari ce, kuma a Zariya nake yin ta, garin da Daffon horar da kuratan soja yake tun 1924. A 'yan shekarun nan samari masu buɗe gidajen motsa jiki irin na horon soja sun yawaita a shagona. Kusan kowannensu da hoto yake zuwa a waya: ƙoƙon kan mutum, bindigogi biyu a gicciye, launin kakin sojan Amurka. Wannan abu yana damuna, domin sojan ƙasar nan yana da nasa tarihin alamomi, kuma ya fi wancan kyau nesa ba kusa ba.

Tushen rundunar a Legas yake. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara Hausawa 18 ya ba su horo, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Baturen mulkin mallaka Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Wannan ɓangare na tarihin akwai ɗaci, bai kuma kamata a ɓoye shi ba. Bajon rundunar bishiyar kwakwa ce, kayan faretinta kuwa jar dara, 'yar shara ja, jar ɗamara da gajeren wando na kaki. Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta.

Alamomin da suka fi shiga raina su ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Bama don su kara da Japan. Ta 81 ta ɗauki baƙin gizo-gizo a kan rawayan ƙyalle, wato Anansi na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan Gizonmu, wanda yake kayar da manyan dawa da wayo. Ina yaro na taɓa riƙe irin wannan bajo a hannuna. Wani tsoho a unguwarmu da ya yi yaƙin Bama yana ajiye da nasa a cikin gwangwani. Ƙyallen ya koɗe, bakinsa ya fara zarewa, amma ƙafafun gizon takwas suna nan raɗau, kansa yana kallon ƙasa. Launi biyu kacal, siffa ɗaya, amma daga nesa za ka gane shi. Duk mai zane ya san wahalar samun haka.

Bajon runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da muka sani, wanda mai talla da ɗan dako suke naɗawa a ka. Dalilinsa a fili yake. A dazukan Arakan da kwarin Kaladan da ƙyar mota take shiga, don haka dubban mazaje ne suke ɗaukar harsashi, abinci da kayan asibiti a ka, suna hawa duwatsu, suna ratsa koguna cikin ruwan sama da sauro. Da ƙarfin wuyansu rundunonin biyu suka isa Myohaung a watan Janairun 1945. Wanda ya zana bajon nan ya yi adalci, tunda ya haɗa mai ɗaukar kaya da mai riƙe makami wuri ɗaya. Sunayen wuraren suna nan a barikokinmu: Myohaung da Arakan a Legas.

Tambarin sojan Najeriya na yau ya gaji wasu abubuwa daga baya. Akwai mikiya a sama, akwai tauraro mai tsini shida irin wanda ke jikin tutar 1914 da tsohon kwabo mai huji, akwai kuma rubutun Larabci mai nuna cewa nasara daga Allah take. Wannan na hukuma ne. Doka ta hana farar hula sanya kayan soja, ni ma ba na kwaikwayon tambarinsu in liƙa wa ɗan kasuwa a ƙofar shago, ko nawa zai biya.

Abin da nake faɗa wa masu gidajen motsa jiki shi ne su tambayi kansu me suke sayarwa. Mutum yana zuwa wurinsu ne da asuba don ya yi gudu, ya yi tsallen kwaɗo, ya ɗauki nauyi, ya koyi juriya da bin lokaci. Babu abin da ya haɗa wannan da ƙoƙon kai, balle a ƙasar da bindiga ta raba iyalai da yawa da 'ya'yansu. Uwa ba za ta so ɗanta ya shiga ƙofar da aka zana gawa a kanta ba.

Ku masu wannan sana'a, kafin ku sauko da hoto daga intanet, ku nemi bajon runduna ta 81 da ta 82 ku duba da kyau. Ku zaɓi launi biyu, siffa ɗaya, wadda za ta fito a riga da allo, kuma ku bar mai zanenku ya samo ta daga tarihin kakanninku.