Tarihin Sankarar Jini

Ɗan'uwa mai karatu, a cikin jininka akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Wasu jajaye ne, wasu farare. Fararen su ne dogaran jiki, su ke yaƙi da cuta. Wani lokaci sukan lalace, su yi ta hayayyafa cikin ɓargo ba iyaka. Wannan ita ce sankarar jini.

A shekarar 1845, wani lokotoro a Jamus mai suna Rudolf Virchow ya duba jinin wata mace da ta rasu. Ya ga fararen sun yi yawa ƙwarai. A 1847 ya raɗa wa cutar suna mai ma'anar "farin jini". Amma ba irin wanda kowa ke so ba ne.

Aka shekara ɗari ba magani. A 1947, a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber ya gwada wani magani a kan yara. Cutar ta lafa, bayan ƴan watanni ta dawo. Daga baya aka sami wani daga wani tsiro na tsibirin Madagaskar. Aka yarda da shi a 1963.

A 1957, a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano wani abu. Ƙwayar da cuta ta kama tana fitar da wani sinadari mai gargaɗin maƙwabtanta. Wato ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo.

Daga baya masana suka ga ƙwayoyin sankara ma suna aika nasu saƙon. Wani yana sa dogarai su kwanta, su bar yaƙi. Wani yana kawo zazzaɓi da gumin dare da rama. Wani yana hana ɓargo yin jini mai kyau.

Yau, a ƙasashe masu arziki, yara kusan 9 cikin 10 suna warkewa daga irin wadda ta fi kama yara. A Yamai ma akwai cibiyar yaƙi da sankara.

To, ɗan'uwa, kula da ɗanka. In zazzaɓi ya ƙi jin magani, ya ɗashe, dasashinsa na jini, kaluluwa ta fito, kai shi asibitin Dakoro a auna jininsa. In an tura ka Maraɗi, ka tafi. Cutar ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.