Wanzami da Ciwon Gwiwa a Ƙasar Maraɗi

Tun zamanin da Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri a 1836, wanzamai suna cikin ma'abota sana'o'in da gari ba ya cika sai da su, har sarakuna suna naɗa musu Sarkin Aska. A Saye Sabuwa da sauran ƙauyukan Gidan Rumji, da Agye, da Gazawa, idan shekaru da noma suka cinye gwiwar dattijo, har ruku'u da sujada suka zame masa jarrabawa, wanzami ake kira. Sai ya zo da zabirarsa, ya kafa ƙaho bisa gwiwar, ya zuƙe iska da baki, ya yi 'yan tsage da aska, sa'an nan ya mayar da ƙahon ya ja jini. Malamai ba su hana ba, domin hijama, wato ƙaho, ta tabbata a sunna. A gida kuwa mata su gasa wurin da ruwan ɗumi, su murza man kaɗanya.

Likitocin zamani sun bayyana cewa asalin ciwon shi ne guringuntsin gaɓa da yake zaizayewa, ƙaho kuwa ba ya mayar da shi. Nasiharsu ita ce rage ƙiba, da tafiya daidai gwargwado, da motsa naman cinya, da dogara sanda. Shari'a ma ta yi rangwame ga mara lafiya ya yi salla a zaune. Wanda kuma zai yi ƙaho, lalle ya nemi sabuwar reza, domin aska ɗaya ga mutane da yawa tana iya yaɗa cutar hanta.