Jiragen Koyon Tuƙi a Kan Takardar Kwali

Idan ana ba da labarin jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda suka gwabza a sararin sama ake yi wa kirari. Amma yawancin matuƙan da suka isa fagen daga sai da suka bi ta wani jirgi mai kujera biyu, ɗaya ta malami, ɗaya ta ɗalibi. A Ingila, Avro 504 ne ya ɗauki wannan nauyi. Ya fara tashi a 1913, kuma an ƙera sama da 8,000 kafin yaƙin ya ƙare. A Amurka kuwa Curtiss JN-4 ne, wanda ake yi wa laƙabi da Jenny, mai inji mai ƙarfin doki 90.

Koyon tuƙi a wancan zamani ya ci rayukan samari da yawa tun ba su ga abokin gaba ba. Wannan ne ya sa a 1917 wani hafsa, Robert Smith-Barry, ya sauya tsarin horo a garin Gosport na Ingila. Malami zai jefa jirgi cikin haɗari da gangan, sannan ya nuna wa ɗalibi yadda ake fita, yana yi masa magana ta bututun roba da ke haɗe da hularsa.

Da katako da yadin lilin da wayoyi aka yi waɗannan jirage, saboda haka ba su daɗe ba. Bayan yaƙi an yi gwanjonsu da araha. Charles Lindbergh ya sayi Jenny a kan dala 500 a 1923, shekara huɗu kafin ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a wani jirgin daban. A yau ƙalilan ne suka rage, yawancinsu a gidajen tarihi.

Takarda ta taimaka wajen adana siffarsu. Tun ƙarni na 19 kamfanin Schreiber na garin Esslingen a Jamus, da maɗaba'ar Pellerin ta Épinal a Faransa, suke buga zanen gidaje da fadoji a kan kwali, mai saye ya yanka da almakashi, ya naɗe, ya manna da gam. Da jirgin sama ya bayyana, shi ma ya shiga sahu. A Poland, mujallar Mały Modelarz da aka fara bugawa a 1957 ta yaɗa wannan sana'a, a lokacin da samfurin roba ke wuyar samu a can. Ma'aunin da aka saba da shi ga jirage shi ne 1:33, wato fikafikan Avro masu tsawon kusan mita 11 su koma kamar santimita 33.

Takarda ta dace da tsofaffin jiragen nan saboda ta gefe ɗaya kawai take lanƙwasa, kuma jikinsu kusan duk a miƙe yake. Mai haɗawa yakan bi sawun maƙeran asali: ya fara da ƙashin jirgi, ya lulluɓe shi, ya kafa sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, sannan ya ja zare a madadin waya. Idan sanda ɗaya ta karkace, fiffike duka ya karkace.

Yanzu ana sauke irin waɗannan zane daga intanet a buga a kwali. Wanda ya ɓata kwanaki yana ɗaure zaren nan ɗaya bayan ɗaya zai gane irin abin da saurayi ɗan shekara 19 ya miƙa wa ransa ranar da malami ya sauka ya ce masa ya tashi shi kaɗai.